A dawo da ƙasa cikin gine-ginen jama'a a Zariya

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato irin gine-ginen da ake yi wa jama'a da kuɗin jama'a a nan Zariya da kewayenta, kamar azuzuwan makarantun firamare da ƙananan asibitocin unguwa da ɗakunan taro da rumfunan kasuwa. Ni tsohon malamin makaranta ne, na shafe sama da shekara talatin ina koyarwa a cikin irin waɗannan gine-gine, sannan kakana na wajen uwa magini ne a cikin birni, a zaurensa na yi wayo. Don haka na zauna a cikin ginin ƙasa, na kuma yi aiki a cikin ginin bulo da kwano, kuma abin da jikina ya ji a kowannensu shi ne hujjata ta farko.

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji a watan Maris ko Afrilu ya san abin da zan faɗa. Ajin da na fi daɗewa a cikinsa an tayar da shi ne da bulo mai inci shida, aka ɗora masa kwano ƙasa-ƙasa, aka yi masa tagogi biyu na ƙarfe a gefe guda kawai, silin ɗinsa kuwa tun shekara ta uku ya fara zubowa ba a sake mayar da shi ba. Da zarar ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce sai ka ji kwanon yana ƙas-ƙas saboda rana, zafin yana sauka a kan yara kamar an kifa musu tanda. Na sha ganin yaro yana rubutu gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan littafi har tawadar ta baje, na baya kuma sun kifa kai a kan benci suna gyangyaɗi, ba don lalaci ba. A ƙarshe sai in kwashe su mu koma ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin fili, in jingina allo a jikin bishiya mu ci gaba. Idan damina ta sauka kuma, ƙarar ruwa a kan kwano ba ta barin ko na gaba ya ji muryata, dole mu zauna shiru har a ɗauke. Da hunturu, ɗakin da ya gasa mu a bazara shi ne yake sa yara karkarwa da safe. Ginin da gwamnati ta kashe wa kuɗi domin karatu, ga shi bishiya ta fi shi amfani a watannin da ake shirin jarrabawa.

A daidai wannan lokaci na rana, in ka shiga zauren kakana, sai ka ji kamar an watsa maka ruwa. Katangarsa daga ƙasa ta kusa kamu biyu a kauri, tana sirancewa yayin da take hawa, rufinsa soro ne mai tsawo, kuma akwai 'yan tagogi ƙanana can sama kusa da rufi. A nan dattawan unguwa suke yin ƙailula, a nan ake sasanta rigima, a nan ake ɗaurin aure, babu fanka balle na'urar sanyaya ɗaki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Katangar ƙasa mai kauri a hankali take shan zafin rana, kafin zafin ya ratsa ta ya iso ciki rana ta riga ta faɗi, da dare kuma sai ta riƙa sakinsa lokacin da gari ya yi sanyi. Iska mai zafi sama take tashi, sai ta sami waɗancan ƙananan tagogi ta fice. Bulo mai rami a ciki da kwano mai kaurin takarda ba su da wannan haƙurin, abin da rana ta ba su nan take suke miƙa wa na ciki.

Ina yaro nakan bi kakana wurin aiki, kuma abin da na gani ya hana ni yarda da masu ɗaukar ginin ƙasa a matsayin aikin da aka yi don rashin yadda za a yi. Ba kowace ƙasa ake ɗiba ba, birji ake nema, a farfasa shi, a jiƙa, a zuba masa ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar shi ya kwana ya tsumu, a sake tattakewa. Daga nan ake mulmula tubali, a jera a rana ya bushe sarai, shi ya sa aikin na rani ne. Azara daga giginya ake faskare ta, ita ce gara ba ta cika ci ba, kuma da yake ba ta ɗaukar nauyi in tazara ta yi faɗi, sai magina suka ƙware wajen ɗaura ta daki-daki a cikin ƙasa su fitar da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin da ke tallafe rufi, har ɗaki mai faɗi ya rufu ba tare da rodi ko ɗaya ba. Don kare gini daga ruwa akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina da gashin jima daga majema da ruwan dafara. Dubi yadda sana'o'in gari suke ciyar da juna: abin da marini zai zubar da abin da majemi zai share, su ne simintin magini. Sannan kowace shekara kafin ruwan farko, kakana yakan hau soro da kansa ya duba indararo ɗaya bayan ɗaya, ya toshe duk wata tsaga, a sake yaɓe inda ya zaizaye. Wannan hawa soron na shekara-shekara wani ɓangare ne na ginin, kamar yadda azara take wani ɓangare nasa.

Mu Zazzagawa mun fi kowa hujjar yin alfahari da wannan ilimi. A garin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, ginin da masana daga ƙasashe daban-daban suka zo suka auna, suka zana, suka yi rubutu a kansa, har aka sake gina irinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos domin na baya su gani. Har yau akwai unguwa mai sunan Babban Gwani a cikin birni. Na san akwai mai cewa ai wani sashe na wannan masallaci ya rufta a kan masallata ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, lokacin sallar La'asar, aka rasa rayuka. Wannan gaskiya ne, kuma rana ce da ba za ta fita daga zukatanmu ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Tun daga ranar nake jin mutane suna cewa ginin ƙasa ya gama zamaninsa. Amma ya kamata a yi adalci wajen ɗaukar darasi. Ginin nan ya yi kusan shekara ɗari da casa'in yana ɗaukar jama'a. A ɗaya ɓangaren, bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 na kankare da rodi ne, kuma ko gama shi ba a yi ba, haka makarantar da ta rufta a kan ɗalibai a Jos a Yulin 2024 ba da tubali aka gina ta ba. Kowane gini, da kowane irin kaya aka yi shi, yana buƙatar a yi shi bisa ƙa'ida, a riƙa duba lafiyarsa, a kuma fitar da mutane daga cikinsa da zarar ya nuna alamar rauni. Darasin da na ɗauka ke nan daga wannan musiba, kuma ya hau kan bulo kamar yadda ya hau kan ƙasa.

Sai maganar kuɗi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa a ƙasar nan, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya idan siminti ya yi tsada: mai buga bulo sai ya ƙara yashi ya rage siminti, har ka iya murƙushe gefen bulon da yatsa. Da irin wannan ake tayar da wasu azuzuwan, a shafe su da fenti mai kyau ranar buɗewa, bayan damina biyu katanga ta tsage. Kuɗin siminti da rodi da kwano duk barin gari suke yi, alhali kuɗin ginin ƙasa mafi yawansa lada ne na masu haƙa da masu kwaɓi da magina, wato yana zama a aljihun matasan unguwa. Ga kuma abin da ba ya fitowa a takardar kwangila. Ana dafa siminti ne a murhun da zafinsa yake kaiwa wajen digiri 1,450, kuma masana sun ƙiyasta cewa sana'ar siminti ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya, ɗumamar da mu mazauna bakin Sahel muke cikin waɗanda suka fi jin ta a jika. Yashin da ake haɗawa da shi kuwa daga rafuka ake kwasowa, duk mai bin gefen Kubanni ko Galma ya ga yadda gaɓa take zaizayewa inda motoci suke ɗiba. Bayan an gama ginin, sai a tarar ba ya zaunuwa sai da fanka, fanka kuma sai da wuta, wutar kuma ba ta tsayawa, sai a koma ga janareta da man da babu kasafinsa. Na taɓa raka iyalina wani ƙaramin asibitin unguwa da rana tsaka, na tarar da mata masu juna biyu zaune a ƙasa a bayan ginin inda ɗan inuwa ya faɗa, benci kuwa ga su a ɗakin jira babu kowa a kai.

Kada a fahimce ni da cewa ina kiran a koma mulmula tubali kamar yadda aka yi shekara ɗari biyu da suka wuce, a yi watsi da duk abin da zamani ya kawo. Akwai hanya ta tsakiya wadda aka riga aka gwada. Ana tankaɗe jar ƙasa, a haɗa ta da siminti kaɗan, kamar kashi biyar zuwa takwas cikin ɗari, a ɗan jiƙa, a matse ta a cikin injin da ko da hannu ana iya sarrafa shi, sai ta fito bulo mai kusurwa huɗu, mai nauyi, mai santsi. Ba a gasa shi da itace, a inuwa ake jera shi a rufe, a riƙa yayyafa masa ruwa na 'yan makonni har ya yi ƙarfi. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, wadda aka kafa tun 1978, ta daɗe da ƙera irin wannan inji a cikin gida. Ruwa ta wuri biyu yake cin ginin ƙasa, ta gindi da ta kai, saboda haka sai a yi harsashi da dutse ko kankare a ɗaga shi sama da inda ruwa ke fantsama, a kuma fito da bakin rufi waje sosai yadda ruwan Agusta ba zai doki katanga ba. A nan ne siminti da kwano suke da amfani na gaskiya, kuma kaɗan ake buƙata.

Maƙwabtanmu sun riga mu. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, wani ɗan garin mai suna Francis Kéré, wanda ya yi karatu a Jamus, ya gina makarantar firamare a 2001 da irin wannan bulon ƙasa, mutanen ƙauyen ne kuma suka yi aikin da hannunsu. Dabararsa ita ce ya yi wa azuzuwan rufin ƙasa daga ciki, sannan ya ɗaga kwano can sama a kan ƙarafa ya bar sarari a tsakani, iska tana ratsawa tana kwashe zafin kafin ya sauko. Makarantar ta ci lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gine-gine. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Dandaji, ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, inda Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gyara tsohon masallacin ƙasa na garin suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci babba a gefensa da matsattsen bulon ƙasa, aka kammala a 2018. A wannan jihar dai, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya sami lambar Aga Khan tun 1986. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ta fi tamu zafi, kuma ba su fi mu magina ba.

To me ya hana mu? A ganina babban shingen yana cikin zukatanmu. Shekarun baya, a kwamitin ci gaban unguwarmu, muka tara kuɗi don gina ɗakin taro da za a riƙa karatun manya a ciki da yamma. Na kawo shawarar a yi shi da bulon ƙasa, na zo da lissafi a rubuce. Wani dattijo da nake girmamawa ya dube ni ya ce, "Malam, so kake a ce unguwarmu ta tara kuɗi ta gina ɗakin ƙauye?" Aka yi dariya, aka wuce maganar. Ban ji haushinsa ba, domin abin da ya faɗa shi ne abin da kowa ya taso yana gani: duk ginin da hukuma ta yi na bulo ne, duk wanda ya sami kuɗi sai ya rushe soron gidansu ya kafa kwano, har ƙasa ta zama alamar wanda bai samu ba. Ɗakin taron yana nan an gina shi, kuma daga Maris zuwa Mayu a waje ake shimfiɗa tabarma. Wannan ne ya sa nake ganin gyaran dole ya faro daga gine-ginen hukuma. Talaka ba zai yi kasada da ɗan abin da ya tara a kan abin da ake yi wa dariya ba, amma ranar da ya ga asibitin gwamnati ko ofishin hakimi an yi shi da jar ƙasa, ya shiga ya ji sanyi, ya ga an yi damina biyar bai tsage ba, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Akwai matsaloli na gaskiya, kuma ɓoye su ba zai taimaki maganata ba. Giginya ta yi ƙaranci kuma tana daɗewa kafin ta isa sara, don haka ba daidai ba ne a ce za a rufe ɗaruruwan azuzuwa da azara. A bar ta don gyaran tsofaffin gine-gine, a kuma dasa sabuwa. Haƙar ƙasa barkatai ita ta bar mana kududdufai a cikin birni, waɗanda suka zama matattarar sauro da shara, saboda haka dole hukuma ta ware inda za a ɗiba da yadda za a cike ramin. Ba kowace ƙasa ce take yin bulo mai kyau ba, sai an gwada ta. Kuma ban ce a gina asibitin koyarwa mai hawa biyar da ƙasa ba. Maganata a kan gine-gine masu hawa ɗaya ce, waɗanda su ne mafi yawan abin da ƙananan hukumomi suke ginawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne duk abin da ake buƙata yana cikin garin nan. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana da sashen koyar da zanen gine-gine wanda ya fi kowanne daɗewa a Najeriya, tana da injiniyoyi da ɗakunan gwajin ƙasa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli tana yaye masu ilimin gini kowace shekara. Ga zuriyar magina a cikin birni ƙarƙashin Sarkin Magina. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, da hukumar ilimin firamare ta Jihar Kaduna, shi ne su haɗa waɗannan mutane a kan aiki ɗaya ƙarami: azuzuwa biyu kacal a makarantar da ake shirin faɗaɗawa, a gina su da bulon ƙasa a gefen na siminti. A juya ginin yadda dogayen katangunsa za su fuskanci kudu da arewa, don kada ranar safe da ta yamma su riƙa dukansu kai tsaye, a yi tagogi a ɓangarori biyu masu kallon juna, a yi baranda mai faɗi, a ɗaga kwano sama da silin, a tara ruwan rufin a tanki don wanke hannu da ban ruwan itatuwan da za a dasa a yamma da ginin. Sai a rataye ma'aunin zafi a sabon aji da tsohon aji, a sa ɗalibai da kansu su riƙa rubuta abin da ya nuna da ƙarfe goma sha biyu kowace rana har shekara ta zagayo, a kuma bayyana abin da aka kashe a kan kowanne. In sakamakon bai gamsar ba, asarar ba ta wuce azuzuwa biyu ba.

Abu biyu ne kuma sai hukuma ta taɓa su kafin wannan ya yiwu. Na farko, takardun kwangila da yawa suna ambaton bulon siminti da sunansa, ta yadda ko ɗan kwangila yana so ba shi da ikon kawo wani abu. A sauya su su faɗi ƙarfin da ake buƙata katanga ta kai, a bar ƙofa a buɗe ga duk kayan da ya ci gwaji. Na biyu, a sa kuɗin gyara na shekara-shekara a cikin kasafi tun ranar da aka amince da ginin, a damƙa shi ga kwamitin makaranta ko na unguwa, a ɗora musu alhakin dubawa kafin kowace damina. A Djenné ta ƙasar Mali, gari guda ne yake fitowa kowace shekara ya yaɓe babban masallacinsu a yini ɗaya, mu ma muna da aikin gayya tun kaka da kakanni, abin da ya rage a ba shi gurbi a tsarin hukuma.

Ina kuma kira ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ambasada Ahmad Nuhu Bamalli, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, da ya sa baki a tattara sauran dattawan magina da suka iya ɗaurin bakan gizo da haɗin laso, a haɗa su da matasa masu koyo, a kuma ba su wani abin da za su riƙe kansu da shi yayin koyarwar. Waɗanda na sani a cikinsu duk sun manyanta, 'ya'yansu da yawa sun koma ɗora bulo ko sun bar sana'ar gaba ɗaya, kuma wannan ilimi a hannu yake, sai an tsaya kusa da mai shi ana kallo ana taɓawa. A unguwarmu akwai sauran fili a bayan ɗakin taron da na ambata, kuma na yi magana da wasu matasa da suka ce za su yi haƙa da kwaɓi kyauta in har za a koya musu aikin. In akwai malami a jami'a ko jami'in ƙaramar hukuma da yake neman inda zai fara gwaji, ya neme mu ta hannun wannan jarida kafin rani ya wuce, domin da zarar ruwa ya sauka sai kuma baɗi.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Birnin Zariya, Jihar Kaduna.